Daga Kamfani Zuwa Gidan Gwamnati

Tambaya: Malam, ɗan kasuwa a Amurka zai iya zama gwamnan jiha ba tare da ya taɓa riƙe muƙamin siyasa ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ga Doug Burgum: a 2001 Microsoft ta sayi kamfaninsa na manhajar kwamfuta, Great Plains Software, kan dala biliyan 1.1. A 2016 taron jam'iyyar Republican na jihar Dakota ta Arewa ya tsayar da wani daban, shi kuwa ya shiga zaɓen fidda gwani, ya kayar da shi, ya ci kujerar. Inda gizo ke saƙar shi ne majalisar dokokin jihar. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma zamanta bai wuce kwana 80 cikin shekara biyu ba. Ɗan majalisa kuwa ba ma'aikacinka ba ne, balle ka sallame shi.