Facin da Kaka ya gani a kafaɗar Malam

Ɗiyata, na saurari saƙonki har sau biyu. Da farko dariya na yi, da kika ce yaron ya zo gaisuwa da wando yagagge a gwiwa, wai a haka ake sayar da shi, har ma ya fi lafiyayyen tsada. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai, don na san halin ƙanena. Idan babanki ya ce ya gama da mutum tun daga bakin ƙofa, sai an yi da gaske kafin ya sauko. Kina tambaya ko al'ada ce ta ba shi ikon yanke wa mutum hukunci a kan sutura. To, bari in ba ki labarin zuwan mijina Malam gidanmu, Allah ya jiƙansa.

Shekarar Udoji ce, 1975, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. Jos ta cika da sababbin rediyo da babura, samari na ta yawo da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu. Mutum biyu ke nemana a gidanmu na Gangare. Ɗaya akawu ne, a kan Vespa yake zuwa, ƙamshin turarensa kan riga shi shiga zaure. Ɗayan, wato Malam, lebura ne a wajen haƙar kuza a Bukur, wuni yake tsaye cikin ruwa yana wanke ƙasa. Ba sai na faɗa miki inda zuciyata ta karkata ba, ƙawayena ma duk can suke.

Ranar da Malam ya zo gaida Kaka, hunturu ne, irin sanyin Disamba da ruwan randa ba ya taɓuwa. Ina laɓe bayan asabari ina leƙe. Ya tuɓe takalminsa na roba tun daga waje, ya jera su gefe guda don kada su tare hanya. Farar riga ce a jikinsa, ta sha wanki da bula, ta sha guga da dutsen gawayi, amma akwai faci a kafaɗar hagu. Da ya miƙa hannu kusa da fitilar ƙwai na ga yatsunsa duk sun tsage saboda ruwan sanyi. Kunya ta kama ni, kamar ni ce na sa rigar.

Aka kawo gwaten acca da ɗan nama a kai. Kaka bai yi masa wata doguwar tambaya ba, sai ya ce bismillah. Malam ya wanke hannu, ya ci gabansa kawai, bai taɓa naman ba sai da Kaka ya tura masa da yatsa. Ana cikin ci wani almajiri ya yi sallama yana rawar sanyi, sai ya matsa ya ba shi wuri kusa da kaskon wuta, bai ko ɗaga kai ya ga ko ana kallonsa ba.

Bayan ya tafi Inna ta ce, "Baba, wannan mai facin?" Kaka ya ce, "Kin duba ɗinkin kuwa? Wanda ya zauna ya rufe yagar rigarsa da ƙananan ɗinki haka, ba zai bar gidansa a buɗe ba." Ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma sai an bar fuskar ta zauna ta manta ana kallonta. Har yau ina jin muryarsa.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya tura Kawu zuwa Bukur, ya yi zuwa uku. Bai je wurin dangin Malam ba, don dangi ba sa kushe nasu. Mai shayi ya tambaya, da mahaucin unguwa, da limamin masallacinsu: yana biyan bashi? Yaya yake in ransa ya ɓaci? Wa yake zama da su? Wannan shi ne bincike. Yanzu kuwa ina jin ku, an buɗe waya an duba hotunan mutum, an ga motar da ya jingina da ita, shi ke nan an san shi. Iyaye ma sun koma gaggawa, ko su karɓa a ranar ko su kora a ranar, abin yana ba ni takaici.

Akawun nan fa ba mutumin banza ba ne, kada ki ɗauka haka. Ya auri wata a Unguwar Rogo, sun zauna lafiya. Ni dai rabona Malam ne. Da kasuwar kuza ta mutu ya koma sayar da yadi, daga baya ya samu rumfa a babbar kasuwar Taminus. Da gobarar 2002 ta cinye kasuwar, har littafin bashin waɗanda ke ba shi kaya ya ƙone. Da ka ya lissafa abin da kowa ke bin sa, ya yi shekara huɗu yana biya. A lokacin na riƙa tuna facin nan.

Shi ma yaron naki da nasa laifin, ki faɗa masa in ji ni. Wanda zai shiga zauren surukai ya san kaftani da hula ake sawa, ko aro ne, don girmama masu gidan. Malam rufe yagarsa ya yi kafin ya zo, shi kuwa da kuɗinsa ya sayo tasa. Wannan ne ya sosa ran babanki, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Ko ya yi saurin rufe ƙofa, wannan sai na ga yaron da idona.

Kada ki yi wa babanki gardama a kwanakin nan. Ki turo mini yaron ranar Juma'a bayan la'asar ya gaishe ni, zan sa a dafa gwate. Ki ce ya zo da hula, sauran kuma kada ki gaya masa komai.