Zauren Baba Akawu: A Kori Ma'aikata ko a Fara Ƙirga Su?

Wasiƙun da suka iso mini nan Bauchi a wannan watan kusan duk magana ɗaya suka taɓo, wato rage kashe kuɗin gwamnati da sallamar ma'aikata. Na zaɓi uku.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, har yau ba aiki sai ɗan cajin waya da nake yi a kasuwa. Ran nan na je wani ofishin gwamnati karɓo takarda, ƙarfe sha ɗaya na tarar da ƙofa a kulle. Na koma washegari aka ce mai sa hannu ya tafi ɗaurin aure. Na ji yadda Trump ya sa Elon Musk ya share ma'aikatan gwamnati a Amurka. A ganina mu ma abin da muke buƙata ke nan, a kori rabi kowa ya huta. Ya Baba ya gani?
*Wani matashi daga Tudun Wada, Gombe*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Haushin da ka ji a bakin wannan ƙofa halal ɗinka ne. A sashen albashi na yi aikina har na yi ritaya, kuma ba zan ɓoye abin da idona ya gani ba. Akwai mai zuwa da safe ya sa hannu a rajista ya wuce shagonsa. Akwai wanda ba a ganin ƙeyarsa sai ƙarshen wata. Akwai sunayen da masu su sun daɗe a ƙasa amma albashinsu na fita. Sai dai tunda Amurka ka kawo misali, mu duba abin da ya faru can da kyau, don labarin da ke yawo a waya bai cika ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da Donald Trump karo na biyu, ya sa hannu a umarnin kafa sashen rage kashe kuɗin gwamnati da ake kira DOGE, Musk ya zama jagoran aikin. Tun lokacin yaƙin neman zaɓe Musk ya ce zai iya zabge dala tiriliyan 2 daga kasafin da ya kusa tiriliyan 7. Daga baya ya sauko zuwa tiriliyan 1, a watan Afrilu kuma ya koma maganar biliyan 150. A ƙarshen Mayu ya bar aikin. Da shekarar kuɗi ta rufe a ƙarshen Satumba, abin da gwamnatin ta kashe bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi a kan na shekarar da ta gabata.

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san dalili. Ma'aikatan farar hula na tarayyar Amurka sun haura miliyan 2, amma albashinsu da alawus ɗinsu gaba ɗaya kusan kashi 5 cikin 100 ne na kasafin. Manyan kuɗin suna cikin fanshon tsofaffi, da inshorar lafiya, da soja, da kuɗin ruwa na bashi, wanda shi kaɗai ya kusa dala biliyan 900 a 2024. Ko da an kori rabin ma'aikata yadda kake so, abin da za a tsira da shi bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi korar. A ƙarshen Janairu aka aika wa ma'aikata saƙon imel, wanda ya yarda ya ajiye aiki za a ci gaba da biyan sa har ƙarshen Satumba. Kimanin mutum 75,000 suka amsa a zagayen farko. Ka tambayi kanka, wa ke saurin amsa irin wannan tayi? Mai ƙwarewar da ya san wani kamfani zai ɗauke shi gobe, da dattijon da ya kusa ritaya wanda duk sirrin aikin na kansa. Malalacin da ya kulle maka ƙofa ba ya zuwa ko'ina, don ya san ba mai ɗaukar sa a waje. Bayan haka aka bi sababbin ɗauka aka sallame su dubbai, don doka ta fi sauƙaƙa korar su. A Fabrairu aka kori ɗaruruwan ma'aikata a hukumar da ke kula da makaman nukiliya, cikin 'yan kwanaki aka koma neman su ruwa a jallo su dawo. Haka aka yi da wasu masu aikin murar tsuntsaye a ma'aikatar gona. A jerin kuɗin da DOGE ta ce ta ceto, an taɓa rubuta wata kwangila dala biliyan 8, ashe miliyan 8 ce. Manomin da ciyawa ta cinye masa gona idan ya ƙi sunkuyawa da fartanya ya cinna wuta, da ciyawar da dawar duk za su tafi.

Kuma ba wai rage ma'aikata ba ya yiwuwa ba ne. A zamanin Bill Clinton, daga 1993, an rage guraben aikin tarayya kusan 400,000. Amma an ɗauki shekaru ana yi, an fara da nazarin kowace hukuma, majalisa ta yi doka a 1994, aka biya masu tafiya kuɗin sallama.

Mu ma mun taɓa gwada ta gaggawa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawa a rediyo suka ji sunansu. Niyyar marigayin mai kyau ce, kuma cikin waɗanda aka kora akwai waɗanda suka cancanta. Ni na shiga aiki bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, na tarar da tabon bai warke ba. Manyanmu a ofis sukan ce daga wannan shekara ma'aikaci ya daina yarda cewa gaskiyarsa za ta tsare masa kujera, sai kowa ya fara tanadin ranar da za a ce ya tashi. A ganina wani ɓangare na cin hancin da kake kuka da shi yau daga wannan tsoro ya samo tushe.

Akwai wani masinja da muka yi aiki da shi, bai yi boko mai zurfi ba, amma ka ba shi sunan ma'aikaci zai shiga ɗakin ajiya ya fito da fayil ɗinsa kafin ka gama shan ruwa. Ya san wanda ɓera ya ci bangonsa, ya san wanda aka ɗaure da na wani bisa kuskure. Da aka zo rage ma'aikata, aka duba takarda aka ga ƙaramin mataki ne, aka sa sunansa a sahun farko. Bayan tafiyarsa tsofaffi masu neman garatuti suka riƙa zirga-zirga wata da watanni, suna zaune a baranda da takardunsu cikin leda, ana ce musu ba a ga fayil ba. Wanda ya rubuta sunansa a jerin bai taɓa shiga wannan ɗaki ba.

Inda aka yi ƙirga kafin yanka kuwa, an ga amfani. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846 bayan an gwada sunayensu da lambar banki ta BVN, aka riƙa tsira da fiye da naira biliyan 2 duk wata, ba tare da an raba mai aikin gaske da abincinsa ba. Sannan ka ɗaga kai ka dubi sama. A kasafin 2025 na kusan naira tiriliyan 55, sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne. Muna da 'yan majalisar tarayya 469 da motocinsu da hadimansu, ga ministoci fiye da 40, ga tafiye-tafiye da tarukan otal. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Gwamnatin da ta fara zabgewa daga ofishin shugabanta, ni zan fara tafa mata.

Abu na ƙarshe, ɗana, kuma don kai na faɗe shi: korar da aka yi don tsimi ba ta buɗe maka gurbi. Ana rufe kujerar ne, a kuma dakatar da ɗaukar sababbi. Mai sa hannun da ya tafi ɗaurin aure ranar aiki, dokar aikin gwamnati ta riga ta tanadi takardar tuhuma da dakatarwa a kansa. Shugabansa ne ya ƙi amfani da su. Rubuta ƙorafi da kwanan wata da lokaci, ka kai ofishin shugaban hukumar, ka riƙe kwafi.

Tambaya: Baba ina wuni. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye a ƙasar Ningi. Na yi shekaru ƙarƙashin wani shiri da Amurka ke ɗaukar nauyi, muna bin masu juna biyu gida-gida muna tura su awo. Farkon 2025 aka ce mu dakata, daga nan shiru. Maigidana ya ce kuɗinsu ne, ba mu da bakin magana. Ni kuma matan da nake bi ne suke hana ni barci.
*Wata 'yarka daga Ningi*

Amsa: Lafiya lau, 'yata, Allah ya saka miki da alheri kan wannan damuwa. Maigidanki yana da gaskiya ta gefe ɗaya: harajin mutanen Amurka ne, suna da ikon cewa sun gaji. Inda na ga zalunci shi ne rashin sanarwa. Ranar farko ta mulkin Trump karo na biyu aka dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. A Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe ta, hukumar da ke aiki tun 1961. Duk tallafin nan kusan kashi 1 cikin 100 ne na kasafinsu. Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, don ita da Sakkwato sun daɗe suna cikin inda hukumar ta fi zuba kuɗi a lafiyar uwa da jariri da karatun firamare. Da an ba da shekara guda, da an miƙa rajista da magani da ma'aikata hannu da hannu. Mace mai cikin wata bakwai ba ta jiran a gama nazari.

Amma mafi yawan fushina a gida yake. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, galibi kusan kashi 5 take warewa. Rayuwar matan Ningi bai kamata ta rataya a sa hannun wani mutum a Washington ba. Da abin ya faru, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin, kuma ministan lafiya Farfesa Ali Pate ɗan Misau ne, ya san ƙauyukan nan. Tambayar da ta rage ita ce ko kuɗin zai iso ɗakin shan magani na garinku.

Kada ki bar littafinki a akwati. Kwafi sunayen matan da watannin cikinsu ki kai wa shugaban asibitin gundumarku, ki kuma sanar da kwamitin ci gaban gunduma da mai gari. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi asusu na musamman, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don kiwon lafiya matakin farko. Ku tambaya ko asibitinku na cikin masu karɓa, da abin da ake yi da kuɗin. Ke kuma ki kai takardunki hukumar lafiya matakin farko ta jiha, tare da shaidar horon da kika samu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin wata hukumar tarayya ne a nan Bauchi, kuma an ce tana cikin waɗanda za a haɗe da wata. Ina da iyali da iyaye a wuyana. Me zan yi?
*Wani ƙaninka daga Yelwa*

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi sake. Rahoton kwamitin Stephen Oronsaye kan rage hukumomin gwamnatin tarayya tun 2012 aka miƙa shi. Ya ƙirga hukumomi 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatarwa, gwamnati kuma ta ce manufarta ba korar ma'aikata ba ce. Ni ina goyon bayan haɗewar, don hukumomi biyu masu aiki ɗaya na nufin shugabanni biyu, da hukumar gudanarwa biyu, da jerin motoci biyu. Kuma hukumar da doka ta kafa, sai majalisa ta gyara dokar kafin a taɓa ta, shi ya sa abin ke tafiyar hawainiya.

Abin da ke ɓacewa lokacin haɗewa fayil ne. Tun yanzu ka tara takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da duk takardun ƙarin girma, da takardun albashi na watannin baya, ka yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a tsarin biyan albashi na IPPIS da banki da katin ɗan ƙasa, don harafi ɗaya kan tsayar da haƙƙin mutum shekara guda. Ka je kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusu, ka duba ko ana zuba kashi 8 naka da kashi 10 na gwamnati duk wata. Idan akwai watan da ba a zuba ba, ka rubuta yanzu da hukumar ke da ofis da mai sa hannu. Idan kuma Allah ya ƙaddara aikin ya tsaya kafin ka kai shekara 50, doka ta ba ka damar cire kashi 25 cikin 100 na asusun bayan wata huɗu ba ka sami wani aiki ba. Ka riƙa halartar taron ƙungiyarku ta ƙwadago, don a can ake fara jin sharuɗɗan sallama kafin a sa musu hannu.