Yadda muke fama da shaye-shaye a zangon Kumasi

Ɗan'uwa ka tambaye ni mu nan Gana ya gwamnati take yi da 'yan shaye-shaye, tana sa kuɗi a magani ne ko kamu kawai ake yi. Toh a takarda kam an wuce zancen kamu kawai. Tsohuwar doka ta 1990, zamanin Rawlings, in an samu yaro da laifin sha shekara 5 ce mafi ƙaranci a kurkuku. A 2020 majalisa ta kawo sabuwa, Act 1019, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NACOB ta koma NACOC, wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai tara zai biya, sidi 2,400 zuwa 6,000, sai in ya kasa ne za a rufe shi kuma ba zai wuce wata 15 ba. Dokar ta ɗauki mai sha a matsayin mara lafiya, har ta tanadi asusun gyaran masu shaye-shaye, ni dai ina ganin wannan daidai ne domin yaron da ya shiga kurkuku saboda wiwi ba ya fitowa a shirye.

Matsalar ita ce kuɗin bai bi dokar ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati manya guda uku ne a ƙasar duka, na Accra da Pantang da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu wajen teku, ka ga mu na Kumasi tafiya ce balle mutanen Tamale ko Bawku, kuma kwanciyar gyara daga aljihunka za ka biya, masu zaman kansu kuwa sai mai hali. Uwar da ke ɗan saye da sayarwa a bakin titi ina za ta samo? Ko tarar nan ma, gidan talaka sai an yi karo-karo tsakanin dangi.

Shi ya sa nauyin yake dawowa kan zango, wato unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi. Mu nan ba kamar ku na ƙasar Hausa bane da gari naku sarauta taku, mu kakanninmu fatauci ya kawo su, goro da shanu, saboda haka komai namu a hannun sarkin zango da limamai da dattawan unguwa yake. In yaro ya fara, ba a zuwa wajen ɗan sanda da farko, kawunsa ake kira, in ya gagara a kai wa liman, in ya gagara sai fadar sarkin zango. Samarinmu suna da wajen zama da muke ce wa bes, kamar majalisa a wajenku, to babban bes, wato shugaban wajen, shi ne ya fi uwar yaro sanin ranar da ya fara, zai ga idonsa yayi ja, ya daina cin abinci, yana gyangyaɗi a kan benci da rana tsaka. Wajen 2017 zuwa 2018 da tiramol ya cika gari, irin mai miligiram 225 da 250 alhali hukumar magunguna 50 da 100 kawai ta yarda da su, huɗubar Juma'a da waɗannan manyan bes ɗin ne suka fi taka rawa. Yanzu kuma ga wadda suke kira red, ta fi tiramol muni, za ka ga saurayi a tsaye yana barci.

Amma kar in ɓoye maka, al'adarmu ta rufin asiri tana cutar da mu. Ana ɓoye yaro saboda kar ƙannensa mata su rasa miji, sai ya fara surutai sannan a ce aljanu ne, wasu har mari ake sa musu a ƙafa. Addu'a ba abin wasa bace, sai dai jikin da ya saba da ƙwaya in ta yanke yana rawa yana zufa yana amai, wannan sai likita.

Akwai asusun raya zango da aka kafa zamanin Akufo-Addo, an yi filayen ƙwallo da ajujuwa da ruwa da shi, mun gode, abin da muke roƙon 'yan majalisarmu yanzu shi ne ɗakin gyara ko guda ɗaya a cikin zango, da nas mai jin Hausa, inda uwa za ta kai ɗanta da ƙafa.