Mashigi, lungun teku, da ruwan da ke tafiya ya dawo

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Allah gafarta Malam, ina koyar da labarin ƙasa, wurin da teku ya kutsa cikin ƙasa ya tsaya me zan ce wa yara sunansa? A rediyo ina jin mashigi.

Malama, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mashigi a Hausa wurin shiga ne, ko inda ake ƙetare kogi, to shi Hormuz, siririn ruwan nan da ke tsakanin Iran da Oman, an ce masa mashigi ba laifi tunda jirgi na shiga ta nan ya ɓulla ta can, amma yanzu 'yan jarida duk ruwan da suka gani a taswira ya ɗan lanƙwasa sai su maƙala masa mashigi, har na Gini wanda faɗinsa ya kwashi ƙasashe. Wanda kike nufi ƙasa ta kewaye shi ta gefe uku, baki ɗaya gare shi, ta inda ka shiga ta nan za ka fito. Ai wannan lungu ne! Ki ce lungun teku, ko ɗan aji uku ya san lungun da ba ya ɓullewa.

Ki ba su misali da Fundy a Kanada, tsakanin Nova Scotia da New Brunswick. Sau biyu a rana ruwa ke cika shi ya janye, a can ƙuryarsa bambancin yana kai wajen mita 16, kwalekwalen da ka bari yana lilo a kan ruwa bayan awa 6 da 'yan mintuna sai ka tarar da shi zaune a taɓo. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, shi kuma lungun yana tsukewa yana rage zurfi ta ciki, ga tsawonsa ya dace da lokacin kai da komon ruwan, sai abin ya yi ta haɓaka. A garin Saint John da ke bakin lungun ma har kogi yake juyawa ya koma baya in teku ya cika.

Wani daga Maraɗi: Malam wannan cika da janyewa ba shi ne igiyar ruwa ba?

A'a ɗan'uwa. Igiya ita ce wadda iska ke turowa ta fashe a gaɓa. Kuma don Allah a daina ce masa ambaliya, ambaliya ba ta da lokaci, wannan kuwa ana buga jadawalinsa tun shekara ba ta kama ba. Larabawa na cewa maddu da jazru, maddin nan dai da kuka sani a tajwidi, wato ja.

Tambaya: Me ya sa ake cewa Bahar Maliya?

Larabci ne, bahar teku, malih mai gishiri.

Tambaya daga Kumasi: "Kogi bai ƙi yayyafi ba" ne, ko "teku"? Na ga ana rubuta duka biyun.

Ni da kogi na taso ina ji, wasu su ce gulbi. Kakanninmu da suka tsara maganar sun fi mu'amala da kogi, masu sa teku gani suke kogi ya yi kaɗan. Ma'anar dai ɗaya ce, komai yawan abin mutum ba ya ƙin ƙari, ko da ɗan kaɗan ne.