Amsa ga ƙanwarmu ta Kolon: batun Kita da wasan mayaƙan da

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da yamma. Na saurari saƙon ƙanwarmu wadda ta iso birnin Kolon na Jamus watanni huɗu da suka wuce, inda take cewa har yanzu ba ta samar wa ɗanta mai shekara biyu gurbi a makarantar renon yara da ake kira Kita ba, alhali maigidanta ya shiga wata ƙungiya ta masu kwaikwayon mayaƙan Turai na zamanin da, kullum Asabar yana can yana koyon sara da takobi, tana tambaya ko ta sa a yi masa magana ya daina. Ƙanwata, ni ma Baban yara ya shekara shida a irin wannan ƙungiya, saboda haka zan ba ki amsa daga abin da na gani da idona.

Kafin komai, ki sani gurbin nan haƙƙin ɗanki ne a doka. Tun 1 ga Agusta 2013 duk yaron da ya cika shekara ɗaya a Jamus yana da haƙƙin a ba shi wuri, ko a Kita ko a wajen mai reno mai lasisi wadda suke kira Tagesmutter. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu cike sunan yaro a Little Bird, shafin intanet na neman gurbi na birnin Kolon, mu zaɓi makarantu, sannan mu naɗe hannu muna jiran kira. A jiharmu ta Nordrhein-Westfalen doka ta ce a sanar da ofishin kula da yara, wato Jugendamt, wata shida kafin ranar da ake buƙatar gurbin, don haka ki rubuta musu wasiƙa mai kwanan wata, ki faɗi ranar da kike so da yawan sa'o'i, domin a nan ana zaɓar 25 ko 35 ko 45 a mako, ki kuma adana kwafi. Wannan takarda ita ce hujjarki idan abu ya kai kotu, kuma a Oktoba 2016 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke cewa iyayen da suka rasa albashi saboda birni bai samar musu gurbi ba suna iya neman diyya. Ki shirya katin rigakafi tun yanzu, saboda tun Maris 2020 ba a karɓar yaro sai da shaidar allurar ƙyanda, kuma mai shekara biyu allura biyu ake nema.

Batun maigidanki kuwa, shawarata kada ki sa a hana shi. Lokacin da namu ya fara, ni ma raina ya ɓaci, musamman da na ga ya cika teburin cin abinci da ƙananan zobban ƙarfe yana haɗa sulke da filaya har tsakar dare. Ranar da ya kai mu gidan sarautar Satzvey, wanda ruwa ya kewaye a yankin Eifel, na ga mahaya sanye da sulke da kwalkwali suna sukuwa da māsu, sai na ce masa ai wannan hawan sallah ne aka cire masa algaita. Ya yi dariya ya tuna mini cewa an fara ambaton gidan a rubuce a 1396, daidai zamanin Sarki Kanajeji, wanda tarihin Kano ya ce shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Abin da ya ja shi ke nan, kuma Jamusawan ƙungiyar sun fi kowa son jin labarin dawakin Kano.

Amfanin da na gani shi ne, Bajamushe ba ya sakin jiki da maƙwabci a bakin ƙofa, amma a ƙungiya yana yi. A gefen tanti, muna jiran a gama wasa, wata uwa ta faɗa mini cewa akwai ƙananan Kita da iyaye da kansu suke gudanarwa, ana kiransu Elterninitiative, kuma wani iyali zai ƙaura daga tasu. Ba alfarma aka yi mana ba. Mun je an yi mana tambayoyi kamar kowa. Sai dai su abin da suke nema shi ne iyayen da za su ba da lokaci wajen shara da girki da gyara, kuma mutumin da ya iya kafa tanti da sassaƙa benci ya shiga ransu nan take. Kafin nan wata makarantar ta ajiye mu a jerin jira fiye da shekara ba tare da ko amsar wasiƙa ba.

Sharaɗin da za ki kafa masa ɗaya ne. Shekarar Kita a jiharmu tana farawa 1 ga Agusta, kuma makonni biyu zuwa huɗu na farko dole uwa ko uba ya zauna tare da yaro har ya saba, ga shi lokacin ya faɗo tsakiyar kakar wasanninsu, wadda take daga Mayu zuwa Satumba. Ya ɗauki hutu a wurin aiki don waɗannan makonni, kada ya yi alkawarin kwana a sansani, kuma shi zai riƙa zagaya makarantun unguwarku da ƙafarsa tunda Jamusancinsa ya fi naki gogewa. Idan za ki bi shi kasuwar da ake ci a wurin wasan, ki tafi da abincinku, domin yawancin gashin da ake sayarwa na alade ne, abin shan da suke kira Met kuma giyar zuma ce.

Samfurin wasiƙar Jugendamt yana wajena, zan turo miki ta akwatinki bayan isha'i.