Tambaya da Amsa: Lissafin ƙarfin juyawa a fizik

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar SS2 a nan Daura, wallahi lissafin momen ɗin nan, wato ƙarfin juyawa, ya ishe ni. An ba mu sufana mai tsawon santimita 30, an danna ta da ƙarfin niyuton 20, ni na samu 600 amma malaminmu ya ce 6 ce. Don Allah ina na kauce?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Hanyarki daidai ce, a awo kika zame. Ƙa'idar dai ita ce ƙarfi sau nisa, wato nisan daga inda kika danna zuwa wurin da abin ke juyawa a kai, kuma da mita ake aunawa tunda amsar da niyuton mita ake rubuta ta, Nm. Santimita 30 kuwa mita 0.3 ce, to 20 sau 0.3 ga 6 ɗinki nan.

Idan kin taɓa tsayawa wajen masu faci irin na Ƙofar Ƙaura a Katsina kin ga abin da idonki, noti ya ƙi kwancewa, yaro ya yi ta nishi a banza, sai oga ya ɗauko dogon bututun ƙarfe ya zura a hannun sufanar, ya ɗan taka kawai noti ya saki. Ba ƙarfi ya ƙara ba fa, nisa ya ƙara. Bututun ya kai mita ɗaya, niyuton 20 ɗin nan dai sai ya ba da 20 Nm.

Amma a kula, wannan lissafin sai in ƙarfin ya sauka a kan sufanar daidai digiri 90. In a karkace ne sai kin ninka amsar da sayin (wato sine na lissafi) na kusurwar da ke tsakanin ƙarfin da sufanar, a digiri 30 rabi zai rage, 3 Nm ke nan.

Inda kuma na fi ganin yara na faɗuwa a WAEC da NECO shi ne tambayar rula, an ɗora ta a kan alamar 50, an rataya niyuton 4 a alamar 20, wai ina za a rataya niyuton 6 ta daidaita. Sai ki ga an yi gaggawar rubuta 4 sau 20, alhali nisan daga 50 ake ƙirga shi, 30 ne. Rular ba ta daidaita sai momen ɗin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, to 4 sau 30 ya ba da 120, raba da 6 ya zama 20, a ɗaya ɓangaren, wato alamar 70. Nan ko kin bar shi a santimita ba komai tunda duk ɓangarorin biyu awonsu ɗaya.