Yadda ake narkar da daskararren ɓera kafin a ba macijin kiwo

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda take dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, kuma wata huɗu ke nan tana hannuna. Wanda na saya a wurinsa ya ce da daskararrun ɓeraye ya saba ciyar da ita, don haka na sayo da yawa na zuba a firiza. Abin da nake yi shi ne in ciro ɗaya in jefa a tafasasshen ruwa na minti goma, idan na ji ya yi ɗumi in miƙa mata. Makon jiya ta haɗiye, amma bayan kwana biyu na tarar ta amayar da shi, ga wari. Kafin wannan ma sau biyu tana ƙin karɓa, ni kuwa sai in mayar da ɓeran firiza don kada ya lalace. Ina kuskuren yake? Kuma zan iya sa shi a maikirowef don in rage ɓata lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da ka kawo bayanin dalla-dalla, domin a cikin bayanin naka ne matsalar ta fito fili. Ka haɗa ayyuka biyu ne wuri guda, alhali kowanne da lokacinsa da irin zafin da yake bukata. Aiki na farko shi ne a bar ƙanƙara ta saki ɓeran har tsakiyarsa, kuma wannan a cikin sanyi ake yinsa, a hankali. Aiki na biyu shi ne a ɗumama shi ya kai zafin jikin ɓera mai rai, wato kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan 'yan mintuna kawai yake ɗauka, dab da lokacin da za a miƙa shi. Wanda ya jefa daskararren ɓera a tafasasshen ruwa yana dafa fatar ne, cikin kuwa yana nan da ƙanƙararsa, sai hannu ya taɓa waje ya ji ɗumi, mutum ya ɗauka aiki ya kammala.

Abin da ya sa wannan yake cutar da maciji shi ne, jikinsa ba ya samar da zafi da kansa kamar namu, daga muhallinsa yake samu, kuma da wannan zafin ne cikinsa yake narkar da abinci. Idan ya haɗiye abin da tsakiyarsa take daskare, sanyin zai sauke zafin cikinsa, narkewar ta tsaya ko ta yi nawa, ɓeran kuma ya fara ruɓewa a ciki kafin ruwan ciki ya ci ƙarfinsa. Daga nan sai amai, yawanci a kwana na biyu ko na uku, da irin warin da ka ambata. Ba zan yanke cewa wannan kaɗai ne ya faru da mesarka ba, domin sanyin akwatin da take ciki, ko ɗaukarta bayan ta ci, ko ɓeran da ya fi ƙarfinta, kowanne yana iya kawo amai. Amma yadda kake narkarwar ya isa ya jawo shi, kuma shi ne farkon abin da za ka gyara.

Hanyar da na fi so, kuma wadda nake ba kowa shawararta, ita ce ta firij. Da daddare ka ciro ɓeran daga firiza, ka sa shi a leda mai rufewa ruf, ka saka ledar a wata roba mai murfi da ka keɓe don wannan aikin kaɗai, ka ajiye a can ƙasan firij inda ba abin da zai ɗiga kan abincin mutane. Ƙaramin ɓera dare ɗaya ya ishe shi, babba mai nauyi kuwa yana iya neman yini da dare. Dalilin fifita wannan hanyar shi ne firij yana riƙe sanyi a digiri 4 ko ƙasa da haka, inda ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa da sauri. Tsakanin digiri 5 da 60 ne suke samun yadda suke so, har wasunsu kan ninka yawansu cikin minti ashirin idan yanayi ya yi musu daidai. Ka kuma tuna cewa ɓeran nan ba kamar naman mahauci ba ne da aka feɗe aka cire kayan ciki. Hanjinsa na nan da duk abin da ke cikinsa, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, kwantar da su kawai take yi. Shi ya sa ba na son a bar shi a kan tebur tun safe har yamma da sunan ya saki da kansa.

Idan ka manta ba ka ciro tun dare ba, akwai hanya ta biyu. Ka sa shi a ledar, ka matse iskar ciki, ka nutsar a ruwan sanyi na famfo, ka ɗora wani abu mai ɗan nauyi a kai don kada ya taso, kana canza ruwan duk bayan rabin awa. Ɗan jinjirin ɓera mara gashi ba ya wuce rabin awa, matsakaici yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu, babba kuma fiye da haka.

Kada agogo ya zama shi ne alƙalinka, yatsunka ne za su gaya maka gaskiya. Ka riƙe ɓeran ta cikin ledar, ka danna cikinsa tsakanin babban yatsa da manuniya har yatsun su kusa haɗuwa. Ya kamata ka ji laushi ko'ina, babu wani ƙullutu mai tauri. Ka matsa zuwa ƙirji, sannan ka riƙe kan da ƙugun na daƙiƙa goma, domin nan ne sanyi ya fi daɗewa. Idan ka ji sanyi mai tsanani yana ratso yatsunka daga ciki bayan ka ɗan riƙe, bai gama ba, ka mayar. Ƙafafu da wuya su ma su riƙa lanƙwasuwa ba tare da gardama ba.

Sai bayan wannan ne ɗumamawa. Ka zuba ruwa mai ɗumi, kimanin digiri 40, wanda za ka iya barin hannunka a ciki ba tare da ka janye ba, ka nutsar da ledar na minti goma zuwa goma sha biyar. A nan ne amsar ƙin cin da mesarka take yi tana iya kasancewa. Irin wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, tana da 'yan ramuka jere a leɓenta na sama waɗanda take jin zafin jikin abin farauta da su, ko da a cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta kamar ba abinci ba ne. Idan kuwa yana da ɗumi, musamman kansa, za ka ga ta fara fito da harshe da sauri-sauri, ta ɗaga kai, ta naɗe wuya, sannan ta kai sara. Masu kiwo da yawa kan ƙara hura kan ɓeran da na'urar busar da gashi na 'yan daƙiƙu, wanda hakan yake ƙara ɗumin kan kuma ya tayar da warin, kuma ni ma na ga amfanin hakan. Idan ruwa ya shiga ledar gashin ya jiƙe, ka tsane shi da takarda, don kada shimfiɗar akwatin ta manne masa ta bi shi cikin mesar. Ka miƙa shi da dogon hantsaki, ba da hannu ba, saboda hannunka ma yana da ɗumi kuma ya ɗauki warin ɓeran, mesar ba za ta bambance ba. Da yamma ko da dare ya fi, domin lokacin ne take farauta.

Maganar maikirowef kuwa, ka bar ta kwata-kwata. Ba ta ɗumama abu daidai wa daida, wani wuri ya yi zafin da zai ƙona maƙogwaron macijin, wani wurin yana daskare, kuma tururin da yake taruwa a ciki yakan fasa cikin ɓeran. Ga shi kuma na'ura ce da iyalinka suke ɗumama abincinsu da ita. Tafasasshen ruwa shi ma yana raunana fatar ciki. An taɓa kawo mini wata mesa da mai ita ya firgita saboda ya ga jini da hanji a jikinta, ashe ɓeran da ya dafu rabi ne ya fashe lokacin da ta naɗe shi ta matse. Ba ta ji ciwo ba, amma sai da aka wanke ta aka canza shimfiɗar akwatin gaba ɗaya.

Mayar da ɓeran firiza bayan ta ƙi ci shi ne kuskure na biyu, kuma na san tausayin asara ne ya sa ka. Ɓeran da ya narke, aka ɗumama shi, ya kuma zauna a akwati mai zafi, ya riga ya fara lalacewa daga ciki, kuma sake daskarar da shi ba zai mayar da shi yadda yake ba. Idan ta ƙi kai sara, ka ajiye mata shi a bakin maɓoyarta, ka kashe fitila, ka ba ta wuri, domin wasu sai sun ga ba kowa suke ci. In gari ya waye yana nan, ka ƙulle shi a leda ka zubar. Ka duba waɗanda ka taɓa mayarwa firiza, idan kana iya gane su, ka zubar da su su ma. Haka nan idan wuta ta ɗauke har kayan firizar suka saki. Sauran kuma ka yi ƙoƙarin ƙarar da su cikin kimanin wata shida, domin bayan haka sanyi yana busar da su, warinsu yana raguwa.

Akwai kuma lafiyarka da ta mutanen gidanka, wadda ba na so ka ɗauka da sauƙi. Daskararrun ɓeraye suna iya ɗauke da ƙwayar Salmonella, mai kawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma a shekarar 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin wata ɓarkewar cutar a jihohi da dama har ta gano cewa daga irin waɗannan ɓerayen ta fito. Robar narkarwa da hantsakin su zama nasu daban, kada a wanke su inda ake wanke kwanukan abinci, kuma ruwan da ka narkar da shi ka zubar a bayan gida. Ka wanke hannu da sabulu da zarar ka gama. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da mai juna biyu, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su taɓa ɓerayen.

Game da mesarka a yanzu, kada ka yi gaggawar sake ba ta abinci. Amai yana wahalar da maciji ƙwarai, ruwan cikin da ya biyo abincin yana ƙona hanyar da ya bi, kuma jikin yana bukatar lokaci kafin ya farfaɗo. Ka ba ta hutun mako biyu, da ruwan sha mai tsabta kullum, kuma ka rage ɗaukarta. A cikin wannan lokacin ka sa ma'aunin zafi a akwatin ka tabbatar ɓangaren ɗumi yana kusan digiri 31 zuwa 32, ɗaya ɓangaren kuma ya fi sanyi don ta zaɓi inda take so. Idan mako biyun sun cika, ka fara da ɓeran da bai kai wanda ta saba ci girma ba, sannan a hankali ka koma wanda kaurinsa ya yi daidai da wurin da ya fi kauri a jikinta. Bayan ta ci, ka bar ta awa 48 ba ka taɓa ta ba. Idan idanunta sun yi hazo-hazo, alamar tana shirin saɓa ce, ka jira ta gama, domin yawancinsu ba sa ci a lokacin. Idan kuwa ta sake amai duk da ka bi wannan tsarin, ko ka ga tana ramewa, ko tana numfashi da baki buɗe, ko majina tana fitowa daga bakinta, ka kai ta wurin likitan dabbobi da ya san macizai, ka tafi masa da kashinta na baya-bayan nan a leda don a duba ko akwai tsutsar ciki.